Bindiga Ba Ta Shiga Makka

Sunansa na yanka Mukhtaru, amma in ka shiga unguwar Ka'akiyya a Makka kana tambayar Mukhtaru sai ka sha yawo. Mailafiya kowa ya sani. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa motar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina da Arfa, bai taɓa goge ko madubin motar wani ba, shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa wannan suna. Sunan ya shiga kansa fiye da kima. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, kuma wannan hali nasa ya ƙona mini rai tun ina yaro har na yi furfura.

Farauta gadonmu ce, ko da yake ni ban ɗauka ba. Kakanmu maharbi ne a ƙasar Katsina kafin ya tako da ƙafa zuwa aikin hajji ya zauna. Babanmu ya gaji abin, ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya sami ruksa, wato lasisin riƙe bindiga, ya sayi bindigar shozan mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi. Kowa ya san ba a kashe naman daji a cikin haddin Harami. Tantabarun da suka cika garin nan ba mai taɓa su. Amma wadda ta tsallake haddi ta fita, ta zama halal kamar kowane tsuntsu. A kan wannan Baba ya kafa dokoki biyu. Na farko, bindiga ba ta shiga Makka. Na biyu, in za ka yi harbi ka nemo alamar haddi, wannan farin ginshiƙin da ke nuna inda Harami ya ƙare, ka ba ta baya, bakin bindiga ya kalli waje.

Da Baba zai rasu ya damƙa wa Mailafiya bindigar, ya sa shi ya ɗaga hannu ya yi alkawarin kiyaye dokokin nan biyu. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji. Tun daga ranar babu abin da Yaya yake tinƙaho da shi kamar wannan alkawari, har ya fi tuƙin. In wani ya tsokane shi a majalisa cewa yana cin baƙin Allah, sai ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Duba nan. Shekara arba'in, ba jinin tantabarar Harami ko ɗigo."

Wurin farautarsa yana kudu da gari, a hanyar garin Lis. Wani abokinsa Hamad yana da garken tumaki can, gaba kaɗan da haddi, da rumfar ajiye sha'ir. Tantabaru kan yi dafifi a kan hatsin da ya zube. A ɗakin makiyayin garken bindigar take kwana, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. In zafi ya sassauta Yaya kan je duk Alhamis, ya ɗauki bindiga ya taka arewa har ya kusa alamar, ya juya mata baya, ya jira tsuntsaye su biyo ta kansa. Wani lokaci ya yi yawo cikin ƙayoyi ko zomo zai tashi. Hamad ya tsufa ya daina zuwa, makiyaya suna ta canzawa, Yaya ya koma farauta shi kaɗai. Wannan duk kafin a tsananta dokar farauta ne.

Ciwon suga ne ya ci masa ido, a hankali, yana musu. Ni na fara lura ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace. Ɗiyarsa Tahani ta ja shi asibiti da kuka, likita ya faɗa masa gaskiya, ya dawo gida yana cewa yaron likitan nan bai kai ya duba idon tunkiya ba. Da tantabarun da yake kawowa suka ragu daga goma zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya, sai ya samo mai laifi.

"Bindigar ce ta tsufa, Maman," ya ce mini. "Harbi biyu kacal, kafin ka karya ka ɗura garken ya kai Yaman. Dahin, a zamanin nan, kowa nus otomatik yake riƙewa."

Nus otomatik ita ce wadda take ɗura kanta: ka ja kunama ta tashi, ta tofar da kwanso, ta hau da wani harsashin ba tare da ka sauke ta daga kafaɗa ba.

Na ce, "Yaya, ba bindigar ba ce."

"To mece ce?"

Na yi shiru. Har yau ina jin haushin wannan shirun nawa.

Wata bakwai ya yi yana zaɓen bindiga. Ban taɓa ganin mutum ya auri mace da irin wannan bincike ba. Ya hana Tahani sakat da karanta masa bayanai a waya. Ya kira tsofaffin maharba na garuruwan Jumum da Ɗa'if ɗaya bayan ɗaya. Ya cika takardu, ya jira izini, bai gaji ba. A cikin watannin nan lasisin tuƙinsa ya ƙare, ya je sabuntawa ya faɗi gwajin ido. Ya ce na'urarsu ce ta lalace. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana ɗaukar rayuka hamsin a bayansa ya koma sai an kai shi. Hakan ta sa ranar karɓo bindiga a Jidda ni ne direba, na rufe shagona na Aziziyya ina ƙunƙuni.

Mai shagon, wani matashi Mish'al, ya shimfiɗa guda biyu a kan tebur. Ya ce ɗaya da hayaƙin harsashi take ɗura kanta, tana da sauƙi a kafaɗa, amma tana son wanki kullum, in ƙura ta shige ta sai ta cije. Ɗayar da shurinta na baya take aiki, tana dukan kafaɗa, amma cikinta ba tarkace, ko ta sha yashi za ta tashi.

"Ya ammi, baffana, a shekarunka ta farkon ta fi," in ji shi.

Yaya bai kalli ko ɗaya ba. Da hannu ya bi su, tun daga gindi har baki, yana shafawa kamar mai zaɓen kankana. Ya ja marikin ya saki kusa da kunnensa, sau uku kowace. Ya ɗora a kafaɗa ya nufi fitilar silin, na ga bakin bindigar ya kauce wa fitilar da kusan kamu ɗaya. Mish'al ma ya gani. Ya kalle ni, na kalli takalmina.

"Kafaɗata ba ta kai ƙara wurin kowa ba," Yaya ya ce. "Ni wadda ba ta ƙin tashi nake so. Ba ni mai shurin. Khalas."

Daga Jidda zuwa garken Hamad, hanya mafi kusa ta cikin Makka take. Da muka kusa inda hanya ta rabu ya dafa mini gwiwa.

"Bi dama."

"Yaya, wannan ai hanyar waɗanda ba Musulmi ba ce."

"Na sani. Bindiga ba ta shiga Makka."

Haka muka bi zagayen nan mai tsawo cikin manyan motocin kaya, mu biyu haifaffun unguwar Zahir ta Makka, kowannenmu ya yi hajji ya fi a ƙirga. Na yi ta mita, shi kuwa yana rungume da kwalin a cinya yana murmushi. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi yawa.

Mun isa bayan la'asar. Makiyayin, wani Basudane da bai fi shekara biyu a wurin ba, ya gaishe mu ya koma cikin tumakinsa. Yaya ya haɗa bindigar da hannunsa, ya ɗura, ya ce in jira a mota kada in kore masa tsuntsaye. Rabona da wurin ya fi shekara goma. Na zauna ina danna waya. Can na ji ta tashi, sau uku a jere, ba tangarɗa. Jim kaɗan ta sake. Sai na ji muryarsa yana ƙwala mini kira, irin kiran da ban ji ba tun muna samari.

Na bi sawunsa. Ina tafe ina duban ƙasa saboda ƙaya, sai na wuce wani abu a hagu, a gefen tudu. Na tsaya na waiwaya. Alamar haddi ce. Fentinta ya dushe, ƙura ta mayar da ita kalar dutsen da ke bayanta, amma ita ce, na san ta tun ina rakiyar Baba. Yaya kuwa yana can gaba, ya wuce ta ya shiga cikin Harami da taku ɗari uku ko fiye. A bayansa akwai wani dogon farin tankin ruwa na roba da wani ya kafa a kan dakali, yana ƙyalli a rana. Shi ya ba wa baya, daidai yadda Baba ya koya masa.

Tantabaru huɗu na kwance a gabansa. Garken ya zo da yawa ne, ko makaho ya harba sai ya samu.

"Ka gani?" ya ce yana dariya. "Ka gani, ya Maman? Na ce maka bindigar ce!"

Da na iya bakina da na bar shi ya kai gida da farin cikinsa, in nemi wata dabara daga baya. Amma haushin wata bakwai ne a cikina, da na zagayen hanya, da na shekara hamsin na mutumin da ba ya kuskure. Na ce, "Yaya, mene ne wancan a bayanka?"

"Alama mana."

"Je ka taɓa."

Ya waiwaya. Sannan ya jingine bindigar a jikin ƙaya, ya taka har wurin, ya ɗora tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa. Tankin ya amsa da ƙarar ruwa. Ya daɗe hannunsa na kai.

"Ina alamar take?"

Na kama hannunsa na ja shi baya, taku bayan taku, har na ɗora masa yatsu a kan siminti. A hanya na ji yana ƙirga takun a ƙarƙashin numfashinsa. Da muka koma garke ya tambayi makiyayin yaushe aka kafa tankin. Ya ce ya zo ya tarar da shi. Ya tambaye shi ko kullum a can yake ganinsa yana tsayawa. Ya ce kullum, shi ya ɗauka dattijo ya fi shi sanin ƙasar.

Bindigar da ya yi wata bakwai yana zaɓa harsashi shida ta ci a duniya. Ni na koma na ɗauko ta, na tono rami na binne tantabarun, don naman da aka kashe a Harami ba a cinsa. A mota, da muka hango fitilun Ka'akiyya, ya juyo wajena.

"Tantabarun shekara biyun nan duk mun ci," ya ce. "Har Tahani da cikinta na ba ta romo."

Washegari na kai shi wurin limamin unguwarmu. Malam ya saurara, ya ce fansar kowace tantabara tunkiya ce, a yanka a raba wa talakawan Makka. Ya ce wanda bai sani ba ba shi da zunubi, Allah ya san zuciya. Sannan ya tambaye shi guda nawa ne.

Yaya ya fara ƙirga da yatsu ya tsaya. Bai san ranar da alamar ta ɓace masa tankin ya maye gurbinta ba. Malam ya ce ya kintata, abin da ya fi rinjaye a ransa ya isa. Yaya ya ce shi bai taɓa yin aiki da kintace ba. Duk wata in kuɗin fansho ya shigo sai ya aike ni kasuwar dabbobi sayen tunkiyar fansa, yau shekara tara ke nan, kuma duk lokacin da na ce ai ya isa haka sai ya ce, "Kai ka ƙirga?" Ya mayar da bindigogin biyu ga hukuma. Ya daina zuwa majalisa. Wanda duk ya kira shi Mailafiya ba ya amsawa, sai an ce Mukhtaru.

Yanzu idon ya tafi gaba ɗaya. Yana zaune a ɗakin baya na gidan Tahani, hawa na uku. Tantabaru sun yi sheƙa a kan akwatin na'urar sanyaya ɗakin, a jikin tagarsa, tun asuba suke kuka har magariba. Tahani ta ce wani lokaci takan same shi ya toshe kunnuwa da tafin hannu biyu. Ta roƙe shi ya koma ɗakin gaba, ya ƙi.

Makon jiya na je gaishe shi na tarar da shi haka, ya dunƙule a kan katifa, gumi na zuba. Raina ya ɓaci. Na tashi na ɗaga hannu zan buga gilashin tagar su watse. Ban san yadda ya ji motsina ba. Ya cafke mini riga da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Kada ka kuskura," ya ce. "Ko firgita su ba a yi. A cikin Harami muke."

Na zauna. Suka ci gaba da kuka a kanmu har aka kira sallah.