Layukan da na tsallake a wasiƙar Ummu Yusuf

Har yau ban manta da ƙaurin hayaƙin da ya taso mini ba lokacin da na yage bakin ambulan ɗin, a wata safiyar Talata cikin Sha'aban. Ba na itace ba ne, ba na gawayi ba. Ummu Yusuf ta shaƙa daga kan gadonta, ta ce wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa a fadama a ƙasarsu, su busar, su hura wuta da ita.

Lokacin wata bakwai ke nan da fara aikina na jinya a sashen zuciya na mata, a wani asibiti da ke unguwar Harra ta Gabas a Madina. Ummu Yusuf tsohuwa ce 'yar ƙasar Ailan. Ta musulunta tun tana budurwa, ta auri wani jikan alhazan Kano da suka zauna a Madina, shi ya sa take jin Hausa. Idonta ya yi rauni, ɗanta Yusuf kuma ba ya gane rubutun hannu na Turanci, sai aka ce in karanta mata. Ranar Alhamis za a yi mata amaliyya, wato tiyata.

Wasiƙar daga ƙawarta Birijit take, wadda ba ta taɓa barin ƙauyensu ba. Ruwa ya yi mako uku bai ɗauke ba, gonar gangare ta zama tafki. Busasshiyar ciyawar shanu ta kusa ƙarewa. Jar saniya ta haifi tagwaye, dila ya ɗauke 'yan tumaki biyu, maƙwabci ya sayar da garkensa ya bi 'yarsa birni. Ina karantawa ina ganin koren nan da ban taɓa takawa ba, alhali ta tagarmu baƙin dutse ne kawai.

Sai na juya shafi. Idona ya riga bakina. Birijit ta rubuta cewa Donal, yayan Ummu Yusuf, yana kwance kuma likita ya sallame shi gida don ba sauran magani. Shekara arba'in bai yi mata magana ba saboda ta bar addininsu, amma yanzu yana kiran sunanta na haihuwa, Nora. Ga lambar wayar gidan a ƙasa.

A gidanmu ba a kai wa majinyaci mummunan labari. Kakata ta rasu ba ta san ƙanenta ya riga ta ba, muka kira wannan tausayi. Na tsallaka kai tsaye zuwa gaisuwar ƙarshe.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Birijit ba ta iya gajeren zance ba, ya binti, 'yata. Ko a jana'iza sai an ja mata riga."

Na ce shi ke nan, Hala, wato Inna.

Ku sababbin masu jinya da kuka zo bana, ku riƙe ƙa'idar: saƙon majinyaci nasa ne. In kina tsoron labari zai taɓa lafiyarsa, likitan da ke kula da shi za ki gaya wa, shi ya zauna da majinyacin da danginsa. Ban je wurin likita ba. Na je wurin Sista Rabi, shugabar sashenmu, 'yar Kano mai shekara ashirin a nan.

"Kin kyauta, 'yar nan," ta ce. "A bari ta fito daga amaliyya. Halas, magana ta ƙare, kwana biyu ne kacal."

Kwana biyun suka zama tara, don jininta ya hau aka ɗaga aikin, sannan ta yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Ranar da ta iya zama, na karanta mata layukan. Yusuf ya buga lambar. Wata mata ce ta ɗauka. An binne Donal kwana uku da suka wuce.

Ummu Yusuf ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Zuciyata ce ke ciwo, ya binti, ba hankalina ba. Da kin bar ni na zaɓa."

Na rubuta rahoto da hannuna, aka ja mana kunne ni da Sista Rabi. Abin da na koya shi ne, a aikinmu tausayi ma yana da iyaka. Mai jinya na iya riƙe hannun mutum yayin da yake jin labari, amma ba ta da ikon riƙe labarin.

Bayan an sallame ta, ni ce dai ta ci gaba da kira zuwa gidanta a unguwar Ƙuba duk lokacin da wasiƙa ta zo, kuma ban ƙara tsallake ko harafi ba. Sai da aka yi fiye da shekara, a tsakiyar labarin yankan ciyawa, na ji bakina yana karanta abin da Birijit ta daɗe tana ɓoyewa. Donal ya sa an jawo wayar gidan zuwa gefen gadonsa, ya hana kowa amfani da ita har kwana shida, don kada Nora ta kira ta tarar ana kan layi.