Waken Inna da Bututun Gilashi

A labo, wato ɗakin gwaje-gwajen da na fara aiki, nesa da gida, muna da wata na'ura mai shegen tsada. Garin wake take ƙonewa cikin wani bututun gilashi mai jure wuta, ta auna hayaƙin, ta faɗa maka ko daga iska shukar ta samu abincinta ko daga taki. Ni da rawar kai na ce a bar mini kawo waken, ai Innata na noma shi a Gidan Sori. Na yi mata waya, ta aiko.

Tun daga nan bututu ya ƙi zama lafiya. Sai ya yi fari fat kamar an shafa masa nono, ya tsage. Na rage wuta, ya tsage. Na zagi kamfanin da ke sayar mana, na zagi masu lantarki, har na koma bututun tangaram, shi ma cikinsa ya zaizaye. Shugabanmu, wani dogo mara dariya, ya ce waken kowa na wucewa lafiya sai nawa, in aka sake asarar wani bututun in nemi aiki gaba. Wallahi na ji tsoro.

Ranar da zan niƙa sabon wake, don haushi na jefa ƙwaya ɗaya baki. Ɗanɗanon murhun gidanmu na ji. Toka! A garinmu ba mai barin wake tsirara, da toka ake cuɗa shi kada ƙwari su huda. Ita kuwa toka in ta ji wuta cin gilashi take. Na wanke waken tas, bututu ya zauna lafiya, ni ma na zauna. Da shugaba ya tambaya, na gyara murya na ce wani sinadari ne da ya yi yawa a yankinmu. Ban yi ƙarya ba.

Na kira Inna ina ta dariya, na ba ta labarin yadda tokarta ta kusa kore ni daga aiki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita da hannunta ta tsince waken ɗaya bayan ɗaya, manya-manyan, don ta zaci yunwa nake ji a can, kunya ce ta sa na fake da aiki.

Sannan ta ce, "Ashe ƙone shi kuke yi. To kai, mi kaka ci?"