Yadda Na Sayar da Ƙafar Ɗalibina

Kafin a fara nuna ni da baki a kasuwar Batsari, ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Safana. Ina da mata da 'ya'ya uku, da 'yar gonar gero da gyaɗa a bayan gari. Albashi yakan makara, amma ba mu taɓa rasa abin ɗorawa a murhu ba. Ba zan faɗi sunana ba saboda 'ya'yana suna makaranta. Ku matasa nake so ku saurare ni.

Allah ya ba ni ido a kan masu gudu. In na kalli yadda mutum ke ajiye ƙafa da yadda yake numfashi, sau da yawa nakan gane ko zai kai ƙarshe da sauran ƙarfinsa. Wata Asabar muna gidan kallo ana nuna tseren dogon zango na ƙasashen waje, na nuna wani siriri da ke can baya na ce shi zai ci. Aka yi mini dariya. Ya kuwa ci. Washegari wani saurayi mai yin caca ta waya ya turo mini katin waya, ya ce in riƙa sanar da shi kafin kowane tsere. Na san caca haramun ce, amma na ce wa kaina ai ba ni ke yi ba, ra'ayina kawai nake faɗa.

Idon nan nawa yakan dace, yakan kuma kuskure. Da na ga kuskuren zai rage mini kasuwa, sai na raba masu biyana gida biyu a waya. Waɗannan in ce musu wane zai ci, waɗancan in ba su wani suna daban. Waɗanda suka faɗi sukan yi shiru don kunya, waɗanda suka ci kuwa su ke yayata ni. Cikin shekara guda aka daina kirana malamin wasanni, aka koma cewa Malam mai gani. Na fara tsallake darasi. Matata ta taɓa tambayata inda nake samun kuɗin nama kullum, na ce mata alawus ne.

A cikin yaran da na koyar akwai Sabi'u. Ɗan Ruma ne. Bayan da 'yan bindiga suka kwashe musu shanu suka kashe mahaifinsa, shi da mahaifiyarsa suka dawo wajen dangi a Safana. Ni na fara sa shi a fili, ni na saya masa takalmin gudu na farko a gwanjo. Yaron ba ya gajiya. Daga gasar makarantu ya wuce ta jiha, daga nan aka ɗauke shi sansanin horo a Jos. A lokacin da nake ba ku labari ya zama ɗaya daga cikin gwanayen tseren mita dubu goma a ƙasar nan, ana shirin babbar gasar ƙasa, inda za a ɗebi ukun farko su je gasar Afirka. Daga Batsari har Safana ba a maganar komai sai Sabi'u. Duk inda na zauna tambaya ɗaya ce: "Malam, yaya ka ga yaron namu?"

Saura mako uku gasar, Sabi'u ya kira ni bayan la'asar. Muka gaisa, na tambayi horo, ya ce, "Malam, agarata ce. Jijiyar bayan dunduniyar hagu ta kumbura. Ban gaya wa koci ba, kai kaɗai na gaya wa."

Na ce ya riƙa sa ƙanƙara, mu ga abin da Allah zai yi. Da na ajiye wayar, ba ƙafarsa na tuna ba. Abin da ya zo mini shi ne, na san abin da ba wanda ya sani.

Sai na baza magana cewa Sabi'u zai shiga ukun farko, ba makawa, kuma akwai wani kamfani a ƙasar waje da zai ninka wa duk wanda ya zuba kuɗi a kansa ta hannuna. Babu wani kamfani. Lissafina shi ne, yaron ba zai gama tseren ba, in ce kuɗi sun tafi, kowa ya ɗauki ƙaddara. Ban kira abin caca ba, na ce goyon bayan ɗan gida ne. Shi ya sa har waɗanda ba su taɓa kusantar caca ba suka shigo. Malamai abokan aikina suka kawo. Wani tsohon masinja a sakatariya, Baba Audu, ya sayar da ragon da yake kiwo ya kawo mini da hannu biyu, yana cewa, "Ɗana, ni ban san kan abin nan ba, kai na sani." Na karɓa. Na sayi babur sabo, na biya kuɗin fili a Katsina.

Saura kwana huɗu Sabi'u ya sake kira. Ya ce ciwon ya ƙaru, ya yanke shawarar janyewa, ya huta ya jira baɗi. Na san in bai shiga ba dole in mayar wa mutane kuɗinsu, ga shi na cinye.

Na ce, "Sabi'u, tun kana aji ɗaya na taɓa gaya maka abu ya zama ƙarya?"

Ya ce, "A'a, Malam."

"To, wannan ciwon tsoro ne kawai. Na ga irinsa sau da yawa. Ɗaure ƙafar ka shiga. Na gani, za ka je Afirka."

Ya ce, "Tunda ka ce haka, shi ke nan."

Ranar tsere gidan kallo ya cika har waje. Zagaye ashirin da biyar ne. Ina zaune a gaba ina jiran in ga ya fita daga fili. Wajen zagaye na sha takwas ya fara ɗingishi, na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Amma bai tsaya ba. Ya cije, ya wuce ɗaya, ya wuce wani, ya shigo na biyu. Yana taka layin ya kife. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi, jijiyar ta tsinke.

Mutane ba su lura da wannan ba, ihu suke yi. Aka ɗaga ni sama, aka raka ni gida da jerin babura ana ta hon. Matata tana guɗa. Ni kuwa ina lissafin ninkin kuɗin da zan biya, ga shi ba ni da shi.

Mako biyu ina cewa kamfani bai turo ba. Daga nan wani malamin lissafi ya ce in nuna masa shaidar abin da na tura, ban da ita. Na gudu, aka kama ni a tashar Batsari ina neman motar Jibiya. A kotu na amsa laifina, aka karɓe babur da fili, aka yanke mini shekara uku, aikina ya tafi. Baba Audu ya zo shaida, bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ta yi. Ya rasu ina ciki.

Zaman gidan yari ba shi da daɗin labari. Ƙwarƙwata, ƙazwa, abinci marar kyau, da ranakun da ba sa wucewa. Matata ta koma gidansu da yara, sau biyu ta zo. Abin da ya fi damuna shi ne, hukuncin kuɗin mutane aka yi mini. Ba wanda ya tuhume ni a kan ƙafar Sabi'u, kuma ita ce babban laifina.

Da na fito na neme shi. Na same shi a Batsari yana aiki a injin niƙa, gari ya yi masa fari a gira, yana jan ƙafar hagu. Ya kashe injin, ya durƙusa ya gaishe ni kamar da, ya tambayi iyali. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce gafara na zo nema.

Ya ce, "Malam, abu ɗaya nake so in sani. Ranar da ka ce in shiga, ka yi zaton zan iya?"

Na ce, "A'a. Na tabbata ba za ka gama ba."

Sannan ya ce, "Ni kuwa tun ana saura zagaye bakwai na daina jin ƙafar. Maganarka na riƙe har na kai." Ya share fuska da hannun riga. "Na yafe maka, don ni ma ina neman gafarar Allah. Amma kada ka je gidanmu. Inna ba ta yafe ba."

Ya tada injin, na juyo.

Yanzu noma nake yi, ina kuma bin waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya ina neman afuwa. Wasu sun karɓe ni, wasu sun rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya.

Ku yara, duk wanda ya ce muku ya san wanda zai ci gobe, kuma sai kun biya zai faɗa, ɓarawo ne, ko da malaminku ne. Kada ku ce ɗan katin waya ne kawai, ni ma daga nan na fara. In kuma wani ya amince da ku har ya gaya muku ciwonsa, ku ji tsoron Allah a kansa. Ni na gama shekaruna uku na fito da ƙafafuna biyu. Sabi'u bai kai talatin ba, kuma har ya mutu da ɗingishi zai riƙa zuwa masallaci.