Ranar da na riƙe ɗan farina

Damina ce mai ruwa, dawa ta yi kyau a gonar kowa, amma mu shekarar ta zo mana da nauyi. Ɗana na fari ne wuyansa ya kumbura, yana ɗan shekara tara. Daga Kontagora aka tura mu babban asibiti, can likita ya ce ciwon daji ne.

A yadda aka rene ni, uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Tun yaye surukata ta tafi da shi garin Bobi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. To ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, babansa na fama da gona da ƙannensa, sai jinya ta faɗo kaina.

Ranar da za a fara sa masa magani ta jijiya, ya ƙanƙame hannuwansa ya ƙi. Nas ta ce in ba a sa yau ba sai an sake ba mu rana, kuma ciwon ba ya jira. Ni dai ina tsaye a ƙarshen gado ina kallon bango.

Wata mata 'yar garin Auna, mai jinyar 'yarta a gadon kusa, ta ce, "Baiwar Allah, aronsa aka ba ki?"

Na ce, "Na fari ne."

Ta ce, "To surukar taki tana ƙarƙashin gado ne? Mu nan duk a tasha muka baro kunya. Hau ki riƙe abinki."

Na hau. Ban ma san inda zan sa hannu ba. Na jingina shi a ƙirjina, na ji ba nauyi ko kaɗan. Na kira sunansa a hankali. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, ashe kin san sunana."

Sai ya miƙa wa nas hannu.

Maganin ya sa shi amai har yamma. Nas ta ce in nemo masa abin da ya fi so ya ci. Ni kuwa ban sani ba. Dole na tambaye shi. Ya ce ɗanwake, da mai, ba yaji.

Washegari na ari risho da tukunya wurin matar nan 'yar Auna, na tsuguna a bayan ɗakin jinya na dafa masa.