Amsar da Na Goge

A lokacin ni malamar lissafi ce a wata sakandare mai zaman kanta a Nasarawa, nan Kaduna, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk ɗalibin da ya bi wata hanya ba wadda na rubuta a allo ba, jan biro ne rabonsa. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, wasiƙu daga ƙasashen waje suka fara shigowa makarantu, ciki har da ta wata gasar lissafi da wasa ƙwaƙwalwa ta duniya, mai rukunin ɗalibai da na manya. Zagayen farko a makaranta ake yi, da fensir, malami ya sa ido sannan ya aika takardun ta gidan waya. Waɗanda suka ci a kira su Legas, a can a zaɓi masu fita waje.

Ɗaliba ɗaya na sa wa rai, 'yar ajin ƙarshe, 'yar mutanen Filato. Babanta ma'aikacin masaƙa ne, mamarta tana sayar da kayan miya a Unguwar Boro. Yarinya ce marar surutu, amma kanta na ja. Shekarunta sun kai iyakar rukunin ɗalibai, in ba ta ci a wannan karon ba shi ke nan.

Bayan an tashi daga jarrabawar, maimakon in liƙe ambulan kamar yadda doka ta ce, sai na zauna ina duba takardarta. Akwai tambaya kan ƙwallaye tara masu kama ɗaya, guda ta fi sauran nauyi, aka ce sau nawa ne mafi ƙaranci za a ɗora su a sikeli mai faranti biyu a tabbatar da ita. Yarinyar ta rubuta biyu, ta zana kashi uku kamar yadda ake kasa tumatir. Ni kuwa a kaina na raba huɗu da huɗu, biyu da biyu, ɗaya da ɗaya, na sami uku. Na ce a raina gaggawa ce ta kwashe ta. Na goge amsarta da zanenta, na kwaikwayi rubutunta na sa uku, har ina ganin taimako na yi.

Ina cikin bas a hanyar gida, bayan na jefa ambulan, abin ya faɗo mini. In ka ɗora uku da uku, ka san kashin da mai nauyin take, in ma sun yi daidai tana cikin ukun da ba ka ɗora ba. Ka ɗora ɗaya da ɗaya daga cikinsa, ka gama. Awo biyu. Na sauka ban kai tashata ba, na hau acaɓa na koma gidan waya. Ma'aikacin ya ce buhun ya riga ya tafi, kuma ko yana nan ba a mayar wa mutum wasiƙar da ya jefa.

Makonnin da suka biyo baya ban san daɗin abinci ba. Duk sanda masinjan makaranta ya nufo ajina sai in ji tsoron ko masu gasar sun ga alamar gugar, ko sun gane rubutun ba nata ba ne. Mamarta ta aiko mini da attaruhu da albasa, ta ce a gaya wa Malama sun gode da wahalar da take sha a kan 'yarsu. Babanta ma ya tare ni a bakin get, ya ce har ya nemi hutu a wurin aiki don ya raka ta Legas. Na yi ta addu'a sauran amsoshinta su fisshe ta.

Sakamako ya zo tare da takardar amsoshi. Tambaya ɗaya ce ta hana ta wucewa, kuma ita ce wannan. Yarinyar ta same ni a ofis, ta durƙusa ta ba ni haƙuri wai ta kunyata ni. Ta ce ita fa tana ganin biyu ta rubuta, har da zane, amma tunda an ce ta faɗi, ƙila kanta ne ba ya riƙe abu kamar yadda take zato. Na buɗe baki, na tuna da aikina da mutuncina, sai na ce mata haka jarrabawa take.

Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba. Da ta zo cike fom ɗin jami'a ta guji duk wani fanni mai lissafi. Bayan rufe masaƙa suka koma gida Filato, ban sake jin labarinta ba.

Na gane cewa tausayin da na ɗauka na ji mata girman kai ne, ban yarda 'yar mai kayan miya za ta ga abin da ni ban gani ba. 'Yan uwana malamai da iyaye, in yaro ya zo da amsar da ba taku ba, ku tambaye shi yadda ya yi kafin ku taɓa ta. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun yana gabanku. Gugar ta hana ta gasa ɗaya ce kawai. Shirun da na yi a ofis shi ya sa ta daina yarda da kanta, kuma a ranar na san sarai abin da nake yi.