Baba Cokali da Buhu Arba'in na Shayin Kanumfari

Kai mai karatu, da ka ɗaga kofin shayinka yau da safe, ka tambayi kanka bakin wa ya fara shiga kafin naka? Ba ka tambaya ba. Babu mai tambaya. Ƙamshin citta ya daki hancinka, ka ce madalla, ka kurɓa, ka miƙa wa ɗanka ragowar. To, akwai mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a tsaye tsakanin bakinka da abin da bai kamata ya shiga cikinsa ba, kuma mutumin nan ya rasu. Allah Ya karɓi ransa ranar Alhamis, sha tara ga watan Yuni, da hantsi, a asibiti, bayan jinyar kwana uku. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, da mai ɗanɗanawa da mai sha.

A ma'aikatarmu ta haɗa ganyen shayi babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Cokali muke ce masa, saboda cokalin da yake sokewa a aljihun farar rigarsa, inda wasu ke soke biro. Shi ne babban mai ɗanɗano, ni ne na biyu, babu na uku. Duk ganyen da za a zuba a gwangwani a kai kasuwa sai ya bi ta harshenmu. Wanda ya yi kyau a ba shi koren kati da sa hannu, wanda bai yi ba a ba shi ja, a ajiye shi gefe.

Baba, yanzu da kai nake.

Na tuna ranar da ka tsince ni. Ina ɗan dako a sito, ina sauke buhunan na'ana'a daga mota, ina ta masifa kamar yadda na saba, ina cewa wane marar hankali ne ya jera ganye kusa da kwalayen sabulu. Babu sabulu a motar, an sauke shi tun jiya a wani wuri. Ka leƙo daga matattakala ka ce, "Kai, wa ya gaya maka an ɗauko sabulu?" Na ce hancina. Ka ce, "To, gobe da safe ka hawo sama da hancin. Bakin kuma ka bar shi a ƙasa." Bakin bai taɓa zama a ƙasa ba, ka sani. Shi ya sa ka raɗa mini Garaje, sunan ya bi ni har gida, har innata ma da shi take kirana.

Ɗakin nan na sama kai ka mai da shi abin da yake. Dogon tebur na farin tayil a gindin taga, fararen kofuna sha biyu a jere, kowanne da lamba a ƙasansa inda ido ba ya gani, ƙaramin sikeli, agogo mai ƙararrawa, da bokitin tofi a ƙarshen layi. Awo ɗaya, ruwa ɗaya, minti biyar, babu sukari, babu madara. A zuƙa da cokali da ƙara, yadda da a gida ne sai an mare ka, a juya a baki, a tofar. Ba a shigar maka da turare. Wata rana wani babban baƙo ya zo zagaya ma'aikata yana ta ƙamshi tun daga ƙofa, ka tare shi cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ko dai turaren ya fita, ko ku fita tare." Ya yi dariya ya fita. Mu muka riƙe ciki.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. A jikin buhu na koyi haɗa baƙi, daga nan na koma tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi. Da na samo wani a kan shayi sai na zo ina yi maka gardama da shafi da layi. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Garaje, wannan littafin naka ya taɓa tofarwa?" Amma kai ne ka yanko mini makullin ɗakin, don in riƙa zama ina karatu lokacin hutun rana inda babu ƙarar inji. Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Da innata ta kwanta, bakinta ya mutu, ko ruwa ɗaci yake yi mata, kai ka zo gidanmu da ƙulli uku a aljihu. Ka dafa su da hannunka a kicin ɗinmu, ka jera mata kofi uku a kan faranti, ka ce, "Inna, wanne ne bai yi miki ƙarya ba?" Ta zaɓi na tsakiya, koren ganye da ɓawon lemo da ɗan na'ana'a kaɗan. Wata biyu kana kawo mata shi duk mako. Da shi ta fara karɓar abinci.

Kana magana a kan kayan ƙamshi kamar maƙwabtanka. Kirfa, ka ce, mai ladabi ce, da sallama take shiga da sallama take fita. Citta ba ta faɗa sai ta wuce maƙogwaro. Furen wardi kwalliya ne, in ya yi yawa sai ka ji kamar kana shan sabulun wanka. Kanumfari ne kaɗai ba ka yarda da shi ba. Kana son sa, amma ka ce babu abin da ba zai iya lulluɓewa ba. Don haka ka kafa mana doka: duk shayin da aka sa wa ƙamshi sau biyu ake ɗanɗana shi. Na farko da zafi, a ji abin da aka ƙara. Na biyu sai ya huce sarai, ƙamshin ya tashi ya bar ganyen shi kaɗai, a ji ainihin abin da aka ɓoye a ƙasa. Minti arba'in ake jira. Na san wannan doka kamar sunana, Baba. Ina so kowa ya ji cewa na san ta, don kada wani ya yi mini uzurin jahilci a kan abin da zan faɗa.

Makonni kafin rasuwarka famfo ya fashe a sito, ruwa ya kwana biyu a ƙarƙashin buhunan baƙin ganye. Aka shanya su, aka ce sun bushe. Manaja ya sa aka haɗa su da kanumfari da kirfa, ninkin abin da aka saba zubawa. Buhu arba'in. Ranar Litinin, sha shida ga wata, aka kawo samfurinsu sama, aka sa kofi huɗu nasu cikin sha biyun.

Da safiyar nan ka yi mini faɗa a gaban matan da ke cika gwangwani, saboda na bar wani shayi ya wuce mintinsa ina karatu. Gaskiyarka ce, amma na hau sama cike da fushi. Manaja ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, yana cewa masu saye na jira. Na bi layin kofuna da zafinsu, na zuƙa, na tofar, kanumfari ya cika mini baki da daɗi. Sai na ɗaga murya, don ka ji haushi, na ce, "Lafiyarsu ƙalau duka. Baba ne kawai ke son jan rai."

Ka ce, "Garaje, bai huce ba."

Manaja ya ce, "To, na ji na biyu ya ce ƙalau," ya juya ya sauka.

Ka zauna ka jira mintinka arba'in. Ka bi layi. A kofi huɗu ka tofar da sauri, ka kurkure baki har sau biyu, ka kifa su ka duba lamba, ka ɗauko jan kati ka rubuta, ka sa hannu, ka jefa a akwatin katuna. Sannan ka miƙo mini cokalinka, naka na aljihu, wanda ba ka ba kowa. Ni kuwa na ce ina da aiki a ƙasa, na fice na bar hannunka a miƙe. Da la'asar ka faɗi a matattakala ka dafe ƙirji.

Ranar Laraba 'yarka ta bar ni na shiga wurinka minti biyu. Na shirya ban haƙuri tun daga hanya, amma ba ka ba ni fili ba. Ka janye abin numfashin daga fuskarka ka ce, "Ka ɗanɗana?" Na ce zan ɗanɗana. Ka ce, "A sanyi." Abin da muka yi ke nan na ƙarshe.

Na ɗanɗana, Baba. Washegarin da muka rufe ka na hau sama, na ɗauko gwangwanin samfur, na dafa, na jira. Da kanumfarin ya tashi sai abin ya fito: warin tsumman da aka manta a bokiti, da wani maƙaƙi da ke manne a ganɗa ya ƙi sauka. Fumfuna ce. Na ji tsoron ko baƙin ciki ne ke yi wa harshena raɗa, sai na kira mai sito ya cakuɗa mini kofunan ina juya baya. Sau uku muka yi, sau uku ina fitar da huɗun nan daga cikin sha biyu. A karo na uku mai sito ya ce, "Garaje, ni dai ban ga komai ba, ina da iyali," ya sauka.

Na karanta cewa akwai fumfunar da ke barin dafi wanda tafasasshen ruwa ba ya kashewa. Ni ba likita ba ne, ban san ko wannan irinta ce ba. Harshe ba zai iya faɗa ba, sai ɗakin gwaji. Rashin sanin nan shi ke cina. Jiya na ga wata mata a kanti ta ɗauki gwangwaninmu tana shinshinawa, da yarinya riƙe da zanenta. Wancan tsohon kaya ne, kai ka sa masa hannu, lafiyarsa lau. Amma nan da mako biyu fa? 'Ya'yan yayata da shi suke karyawa kafin makaranta, ni nake kai musu, suna alfahari wai kawunsu ne ke ɗanɗanawa.

Da na je wa Manaja da maganar, jan katinka ba ya cikin akwati. Ranar Litinin da ta wuce gwangwanin samfur ma ya yi ƙafa, an kuma sauya kwaɗon sito. Manaja ya zaunar da ni, ya yi mini gaisuwa, ya ce kujerarka tawa ce daga yanzu, ya turo mini koren kati da biro. Na ce ba zan sa ba. Ya ce, "Ai da bakinka ka ce ƙalau, ina tsaye. Marigayi kuwa, Allah Ya ji ƙansa, ba shi da lafiya ranar. Harshen marar lafiya ba abin dogaro ba ne."

Wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo masa da gwangwani ɗaya ba, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ake ƙaryata harshensa, kuma da bakina ake yi. Zuciyarsa ce ta gaza ranar nan, ba harshensa ba. Wanda ya gaza a ɗakin nan ni ne. Don haka ina janye maganata a gaban duk wanda ya iya karatu: shayin nan da zafi na ɗanɗana shi, cikin fushi, kuma abin da na faɗa ba hukunci ba ne, rashin kunya ne.

Na san abin da wannan rubutu zai iya jawo mini. Innata ta ce, "Garaje, in sun kore ka fa?" Sito ma ba lalle su mayar da ni ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan Baba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya makwancinsa. Ka sa amanar da ya riƙe wa mutanen da ba su ma san da shi ba ta tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ka shayar da shi abin shan da babu gauraye a cikinsa. Mama, matar Baba, ina yi miki gaisuwa, ke da kika yi shekaru kina wanki da sabulu marar ƙamshi a gidanki saboda aikinsa, ba ki taɓa ƙorafi ba. Yaya, 'yar Baba, ke da kika kwana uku a tsaye a asibiti, Allah Ya ba ki ladan jinya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya jikokinsa a kan halinsa. Ina roƙonku ku yafe mini a madadinsa, don ni ban samu na roƙe shi ba.

Saura kai, Manaja. An riga an gaya wa mata su zo da wuri ranar Litinin, talatin ga wata, za a fara cika gwangwani, an kuma yi wa direba magana. Yau Juma'a. Kada ka kira ni ofis, na gaji da magana a bayan ƙofa. A nan na rubuta, a nan za ka amsa, inda matan da za su cika da hannunsu da iyayen da za su dafa wa 'ya'yansu za su gani. Ina jan katin Baba? Me ya hana ka aika ko da cokali ɗaya na ganyen nan ɗakin gwaji? In kuma ka rantse sai buhu arba'in ɗin nan sun fita, babba ya rasu, na biyu ya ƙi, to faɗa wa jama'a: hannun wa za a sa a kan koren katin?