Ragunan Aro

Ranar wata Talata ce da hantsi, bayan girbin gero, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar. Muna bakin rijiyar makaranta muna wanke tumakinmu da soso da sabulun salo, sai ga a-kori-kura ta shigo fili ta tsaya a gindin darbejiya. Aka fara sauko da raguna, balami da uda, kowanne ya kusa kai ni tsawo, ƙaho a murɗe, wuya kamar turmi. Muka saki wanka muka tsaya kallo. Washegari ne baƙi za su zo daga Gumel su duba dabbobin ƙungiyoyin ƙananan manoma, makaranta bayan makaranta, su fitar da wadda ta fi iya kiwo. Mun ɗauka wani falke ne ya ratso da kayansa. Ashe Hedimasta ne ya aro su wajen wani dillali, da sharaɗin za a mayar kafin kasuwar Maigatari ta ci ranar Alhamis.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyar, mu uku mata. Malam Idi, malamin aikin gona, shi ya kafa ta. Shi ya koya mana duba dasashin dabba da cikin idonta, da gyaran kofato, da yadda ake ɗaure harawa a ɗora kan rumfa don kada rana ta cinye ta. Kowa da dabbarsa a gida. Tawa tunkiya ce 'yar ƙasa, fara, da baƙi zagaye da idanunta, shi ya sa na sa mata suna Mai Kwalli. Kakata Iya Tabawa ce ta ba ni ita tun tana ƙarama, bayan uwarta ta mutu, da nonon akuya na raine ta. Kafin in tafi makaranta sai na share turkenta, na dama mata dusa da ƙasari da ɗan jiƙon kanwa. Da la'asar ƙawayena suna carafke a ƙofar gida, ni ina bayan gari da buhu ina tsintar 'ya'yan gawo. A ranar da nake ba da labari tana da ciki wata uku, cikinta na fari, kuma na riga na haddace abin da zan gaya wa baƙi game da ita.

Hedimasta ya tara mu ya ce tumakinmu ba su kai a nuna wa manya ba, za su ba makaranta kunya. Ya ce a haɗa su da ragunan a garke ɗaya su kwana wajen maigadi, gobe a kai namu bayan azuzuwa a ɗaure. Aka raba mana ragunan, kowa da nasa. Wanda aka ba ni wani balami ne da ke tari, majina na zuba daga hancinsa, idonsa duk kwantsa. Na je na gaya wa Malam Idi, tunda shi ya ce mana irin wannan dabba ba a haɗa ta da masu lafiya. Ya duba ragon, fuskarsa ta canza, ya tafi ofis. Ina daga bakin ƙofa na ji Hedimasta yana cewa, "Murar hanya ce. Ba ta tsumma ta riƙa goge masa." Malam Idi ya fito bai dube ni ba. A ranar duk dabbobin a kwatarniya ɗaya suka sha ruwa.

Baƙi suka zo da motoci biyu. Na tsaya cikin wankakkun kayan makaranta, igiya a hannun dama, tsumma a ɓoye a hagu. Da na ga sun juya sai in share hancin ragon. Wani dattijo mai tabarau ya tambaye ni tun yaushe nake kiwonsa. Na ce wata takwas, kamar yadda aka biya mana. Ya shafa kaina ya ce Allah ya yi min albarka. A daidai lokacin ina jin kukan Mai Kwalli daga bayan aji, don ta ji muryata. Makarantarmu ce ta zo ta ɗaya, aka ba Hedimasta takardar yabo. Da aka tashi na ruga wajen tunkiyata na rungume ta, na ba ta dusa a tafin hannuna, hannun da na wuni ina goge majina da shi.

Kwana shida ta fara ƙin cin abinci. Sai majina, sai zawo, sai gyambo a baki. Ta yi ɓari a turke da sassafe, na ga ɗan da idona, bai ko yi gashi ba. Iya ta jiƙa duk sassaƙen da ta sani, bai yi ba. Babana ya yanka ta kafin ta zama mushe, ni kuwa ban ci naman ba. Ciwon bai tsaya a kanta ba. Ya kashe awakin Iya uku, ya tsallaka maƙwabta, ya bi gidan duk wani ɗan ƙungiya. Har mako biyu kullum sai ka ga ana jan mushe zuwa bayan gari.

Abin da har yau ban yafe ba shi ne abin da Hedimasta ya faɗa a taron safe. Ya ce sakacinmu ne, mun bar dabbobi suna cin leda, mun nuna ba mu isa a ba mu amana ba. Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce, "Malam, ragon nan ne mai majina." Ya sa aka fito da ni, ya yi min bulala shida a gaban kowa saboda rashin kunya, na wuni a durƙushe. Malam Idi yana tsaye a wurin, ya san gaskiya sarai, ya kafa wa ƙasa ido.

Babana ya ce a bar wa Allah. Washegari Iya ta yafa mayafinta, ta naɗe fatar Mai Kwalli, ta kama hannuna har ofis. Hedimasta ya miƙe yana cewa, "Iya, sannu da zuwa, ai da kin aiko." Ta warware fatar a kan teburinsa, kan rajista da komai, ta dubi takardar yabon da ya sa wa gilashi ya rataye a bango.

"Ga wadda aka yi kiwonta a makarantar nan," ta ce. "Ka rataye ta kusa da waccan. Kuma yarinyar nan, ƙarya ka koya mata ta yi, ba ka doke ta ba. Sai da ta faɗi gaskiya."

Hedimasta bai ba kowa haƙuri ba. Bayan haka babu uban da ya sake yarda ɗansa ya kai dabba makaranta, ƙungiyar ta watse. Malam Idi ya nemi canjin wuri a ƙarshen shekara, ya tafi bai yi mana sallama ba.

Yanzu ina zaune a Gagarawa da tumakina goma sha ɗaya, kuma duk abin da nake yi musu wajen Malam Idi na koya, shi ya sa na kasa tsanarsa kamar yadda na so. A makarantar 'ya'yana babu garke, babu lambu, a allo ake zana musu tunkiya. Ina yi musu kwaɗayin irin safiyar da muke yi da buhu da lauje, da alfaharin yaro idan dabbarsa ta yi ƙiba da hannunsa. Mu ma mun so a ga namu, ko da ƙanana ne, ba a bari an gani ba.